Darasi na Tara: Burduddugi, Kwaɗon Fadama

Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, duk mai gida kusa da kududdufi ko fadama a ƙasar Gombe ya san abin da kunnensa zai sha. Jiya wurin tsit, laka ta bushe ta tsattsage. Yau kuka ya cika ko'ina har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. In ka kasa kunne sosai za ka gane ba murya ɗaya ba ce. Akwai mai gurgura mai tsawo, akwai siririya kamar ta gyare, a ƙarƙashinsu duka kuma akwai wata mai kauri da ke fitowa daki-daki kamar gurnani. Mai kaurin nan ta burduddugi ce, wanda wasu ke kira bududdugi. Shi za mu karanta a wannan darasi, tare da ɗan uwansa kwaɗon gida, domin sai an jera su biyu ake gane kowannensu.

Kafin mu shiga, ku dubi kalmar kwaɗo a allo. Harafi na huɗu ɗ ne mai lanƙwasa, ba d ba. Da haruffan nan biyar muke rubuta kwaɗo mai tsalle, da kwaɗon da ake kulle ƙofa da shi, da kwaɗon zogale. Sauran jimlar ce ke nuna wanda ake nufi. Jam'in mai tsalle shi ne kwaɗi.

Yadda ake gane shi

Burduddugi babba ne. Wanda ya gama girma yakan kai santimita 10 zuwa 13 daga hanci zuwa gindi, ba a haɗa da ƙafafu ba, kuma mace ta fi namiji girma. Bayansa ruwan ƙasa ne mai sirkin kore da ɗige-ɗige masu duhu, cikinsa fari-fari. Idanunsa a saman kai suke, sun ɗago kamar an ɗora su. Saboda haka yakan nutsar da jikinsa duka cikin ruwa ya bar idanu da hanci kaɗai a waje, yana ganin ka, kai ba ka gan shi ba. Ƙafafunsa na baya dogaye ne masu nama, da fata tsakanin yatsu har ƙarshe kamar ta agwagwa. Akwai kuma wata alama da ba ta ɓata: wata lanƙwasar fata ta ratsa kansa daga bayan wannan ido zuwa bayan wancan. Daga nan ya samo sunan da masana ke kiransa da shi a duniya, Hoplobatrachus occipitalis, domin kalma ta biyu tana nufin abin da ya shafi ƙeya. Wani masani mai suna Albert Günther ne ya fara rubuta bayaninsa a 1858. Ana samunsa daga Senegal har Habasha, ya gangara kudu har Angola da Zambiya.

Kwaɗon gida kuwa shi ne wanda kuke tararwa a gindin randa, ko ƙarƙashin turmi, ko cikin takalmin da aka bari a tsakar gida. Fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, ƙafafunsa gajeru, tsallensa gajere, wani lokaci ma tafiya yake yi. A bayan kowane ido yana da wani dogon ƙullutu. In an matsa masa, farin ruwa kamar madara yakan fito daga nan, kuma guba ne. Burduddugi ba shi da wannan ƙullutun. Kariyarsa santsi da gudu: in ka kama shi sai ya sulluɓe daga hannunka kamar sabulu, in ka tunkare shi a bakin ruwa sai ya yi tsalle, wani lokaci ya yi ta tsalle a kan fuskar ruwan sau biyu ko uku kafin ya nutse.

Bambanci ɗaya da ba a gani sai an buɗe baki: burduddugi yana da ƙananan haƙora a muƙamuƙin sama, ba don tauna ba, don riƙe abin da ya kama. Kwaɗon gida ba shi da haƙori ko ɗaya.

Fatarsa

Wannan sashe shi ne ginshiƙin darasin, ku karanta shi sau biyu.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake sha, musamman fatar mara da ta cinyoyi. Shi ya sa za ku ga kwaɗon gida ya je ya manna cikinsa a jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin randa ya yi shiru. Ba hutawa yake yi ba, ruwa yake sha. Yana da huhu, kuma motsin da kuke gani a maƙogwaronsa tura iska yake yi zuwa huhun. Amma yana numfashi ta fata ma, shi ya sa burduddugi ke iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ɗago ba. Fata ba ta wannan aiki sai tana da laima. Yauƙin da ke jikinsa shi ke hana ta bushewa.

Ƙofar da ruwa da iska ke shiga ta nan ce ruwan jikinsa ke fita, ta nan kuma guba ke shiga. Akuya in ta taka maganin feshi, fatarta da gashinta sun tare mafi yawansa. Kwaɗo in ya taka, kamar ya sha ne. In aka zuba masa gishiri, gishirin yakan janye ruwan jikinsa ta fata har ya mutu, mutuwa mai azaba. Yara kan yi wannan da sunan wasa, kuma ya kamata babba ya hana in ya gani. An ruwaito a cikin Sunan Abu Dawud cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. To ina ga kashewa a banza.

Jikinsa kuma ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu. Zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Da rana yana cikin ruwa ko inuwa, da dare yake fitowa kiwo lokacin da iska ta yi laima. Da hunturu jikinsa yakan yi nauyi, cinsa ya ragu.

Ruwan da kwaɗo ke saki in an ɗaga shi, wanda ake cewa fitsari, mafi yawansa ruwan da ya tara ne a mafitsara don ranar ƙishirwa. Tsoro ke sa ya zubar. Taɓa kwaɗon gida ba ya sa wa mutum irin ƙurajen da ke bayansa. Abin kiyayewa shi ne farin ruwan nan: kada ya shiga ido, ko baki, ko wani rauni. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kowane irin kwaɗo, domin fatarsu kan ɗauki ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. In farin ruwan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na kamar minti 15, in raɗaɗi bai lafa ba a je asibiti. Kare in ya ciji kwaɗon gida za ku ga yana dalalar da miyau yana goga baki a ƙasa. A sunkuyar da kansa, a goge dasashi da harshe da jiƙaƙƙen tsumma sau da yawa, ana wanke tsumman, kada a ɗura masa ruwa ya haɗiye gubar.

Ina suke zuwa da rani?

Mutane da yawa suna cewa kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa, tunda ba a gan su ba wata shida, sai ga su rana ɗaya. Suna nan, ɓoye suke. Kwaɗon gida yakan shige rami, ko tsagar ƙasa, ko ƙarƙashin dutse da tarin itace, inda akwai sauran laima, ya rage motsi ya jira. Akwai wasu irin kwaɗin da ke binne kansu cikin laka tun kafin ta bushe, su naɗe jikinsu da tsohuwar fatarsu kamar leda don kada ruwan jikinsu ya ƙafe, sai ruwan sama ya jiƙa ƙasar su fito.

Burduddugi ya fi son bin ruwa. In kududdufai suka ƙafe da kaka, sai ya koma inda ruwa ba ya yankewa: gaɓar kogin Gongola, bakin madatsar Dadin Kowa da ta Balanga, magudanan da ke kai ruwa gonakin shinkafar rani, ramukan da masu lambu ke haƙawa a fadama. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta yi tsanani, za a iya samun su da yawa cunkushe a ɗan ruwan da ya rage. Da ruwan farko ya sauka sai su bazu cikin dare, su bi ciyawa da kwari suna neman sabon ruwan da ya taru.

Daga ƙwai zuwa kwaɗo

Maza ne ke kukan nan. Namijin burduddugi yana da jakar fata biyu, ɗaya a kowane gefen maƙogwaro, da ke kumbura in yana kuka, su ke ƙara wa muryar ƙarfi. Kowane irin kwaɗo da nasa kukan, kuma mace ba ta amsa kiran wanda ba irinta ba. Kunnensu shi ne ɗan faifan da kuke gani a bayan ido.

In mace ta zo, namiji yakan hau bayanta ya rungume ta a hammata. Ita tana zuba ƙwai cikin ruwa, shi yana zuba nasa ruwan a kai. Ƙwan ba shi da ɓawo. Ɗan ƙwallo ne ƙarami, samansa baƙi, ƙasansa fari-fari, cikin wani abu mai yauƙi kamar kuɓewa. In ya bushe ya mutu.

Da ganin ƙwai za ku san mai shi. Na kwaɗon gida a jere yake cikin dogon zare mai yauƙi kamar carbi, ya nannaɗe ciyawar ruwa, mace ɗaya takan zuba dubbai. Macen burduddugi kuwa tana warwatsa nata ɗai-ɗai ko kaɗan-kaɗan a ruwa marar zurfi, sau da yawa a wanda bai daɗe da taruwa ba. Masu bincike a dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa sun lura cewa tana zaɓen wuri: takan guje wa kwarmin da zai ƙafe da wuri, takan kuma guje wa wanda tuni akwai 'ya'yan irinta a ciki. Dalilin na biyun zai zo yanzu.

A ruwa mai ɗumi ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu ko uku. Abin da ke fitowa bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan: kai ne da wutsiya, ba ƙafa, yana numfashi cikin ruwa kamar kifi. Shi ne wasu ke kira talibambam. Na kwaɗon gida ƙanana ne baƙaƙe wuluk, suna tafiya garke-garke a bakin ruwa suna kankarar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Na burduddugi ya fi girma, launinsa ya fi haske, bakinsa da ƙarfi, kuma mafarauci ne. Yana cin 'ya'yan sauro, yana cin 'ya'yan wasu kwaɗi, yana cin ƙannensa da suka ƙyanƙyashe bayansa. Uwar da ta zuba ƙwai a inda yayyensu suke, abinci ta kai musu.

Daga nan canji kan zo bi da bi. Ƙafafun baya ne ke fara tsirowa a gindin wutsiya. Na gaba suna girma a ɓoye ƙarƙashin fata, sai rana ɗaya su ɓullo. Huhu ya kama aiki, sai ka ga yana yawan hawowa sama shaƙar iska. Baki ya faɗaɗa. Wutsiya ba gutsurewa take yi ba, jiki ne ke shanye ta a hankali, kuma a kwanakin nan ba ya cin komai, da ita yake rayuwa. Duk wannan yakan ɗauki kamar wata guda, ko ya ɗan gaza ko ya wuce, gwargwadon ɗumin ruwa da yawan abinci. Tsere ne tsakaninsa da rana. In aka yi fari na mako biyu a farkon damina, kwarmin ya ƙafe, duk abin da ke ciki ya mutu. Shi ya sa ƙwai ke da yawa: kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa girma. Ƙananan kwaɗin da kuke gani birjik a hanya bayan ruwa a watan Yuli da Agusta, waɗanda ba su wuce girman farce ba, su ne waɗanda suka tsira suka fito daga ruwa a lokaci guda.

Abin da yake ci da masu cinsa

Ku sami dare bayan ruwa, lokacin da shinge ke fitowa, ku zauna kusa da fitila ku kalli kwaɗon gida. Zai zo ya tsaya a gefen haske ba motsi. Shinge ya faɗo, ya fara jan jiki. Kwaɗon ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi, ya ɗan matso. Ba za ku ga fitar harshen ba, sai dai ku ga shingen ya ɓace. Harshensa a gaban baki yake liƙe, ba a maƙogwaro kamar namu ba, yakan wurgo shi waje da danƙo a kai. Sannan ku dubi idanunsa: zai runtse su, su nutse cikin kai. Idanun suna taimaka masa danna abincin zuwa ciki. In fiffike ya maƙale a gefen baki sai ya sa hannu ya share.

Abin da ke motsi kaɗai yake kamawa. Mataccen ƙwaro a gabansa bai dame shi ba. Kwaɗon gida yana cin gara, tururuwa, kyankyaso, gyare da ƙananan ƙwari. Burduddugi da yake bakinsa ya fi faɗi yana ƙarawa da fara, tsutsa, ƙaguwa ƙarama, ƙananan kifi da ƙananan kwaɗi. A gonar shinkafa da lambun tumatir da albasa, duk dare suna rage ƙwarin da manomi zai sayi magani dominsu.

Game da sauro, a faɗi gaskiya yadda take. Babban kwaɗo bai cika cin sauro ba. 'Ya'yan burduddugi ne ke cin 'ya'yan sauro a kwarmin da suke tare. Amma sauro yana hayayyafa a gwangwani, da tsohuwar taya, da sawun shanu, inda babu kwaɗo, kuma da zafi yakan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Yawan kwaɗi a unguwa ba dalilin barin gidan sauro ba ne.

Su ma abincin wasu ne: zalɓe, shamuwa, guza, tarwaɗa, da macizai. Inda kwaɗi suka taru da dare maciji na iya zuwa. Wanda zai je bakin ruwa da dare ya sa takalmin roba mai tsawo, ya riƙe tocila, kada ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Kudancin Gombe ƙasar kububuwa ce. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hanzarta zuwa asibiti. A Kaltungo akwai asibitin da aka keɓe don saran maciji.

Abin da ke ƙarar da su a gona

Abin da ke kashe kwaɗi a fadama ba feshin kansa ba ne kaɗai, har da wankin bayan feshi. Mutum ya gama feshin ciyawa, ya gangara bakin tafki ya ɗauraye injin feshi da kwalbar magani a ciki. Abin da ya rage a ƙasan injin ya isa ya kashe 'ya'yan kwaɗin ƙaramin kwarmi. Kuma ruwan nan shi shanu za su sha da yamma, a ciki yara za su yi wanka. Yadda ya kamata a yi: a ɗebi ruwa a bokiti a tafi da shi cikin gona. A ɗauraye kwalbar magani sau 3, kowane ɗauraya a juye cikin injin, a fesa a gonar. A huda kwalbar don kada wani ya zuba ruwan sha ko mai a ciki. A bar aƙalla taku 10 daga bakin ruwa ba feshi, ciyawar da ke wurin tana tare abin da ruwan sama ya wanko. Kada a yi feshi in hadari ya haɗo, domin ruwa zai kwashe maganin zuwa tafki, an yi asarar kuɗi an kuma kashe abin da ba a nufa ba. Kada a wuce ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba. Ga ɗaya daga cikin amfanin karatun da kuke koyo.

Takin zamani ma yana ƙona su, musamman yuriya in an watsa ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da yamma, lokacin da suke fitowa. A tona a binne takin kusa da shuka. Haka ya fi wa amfanin gona, domin yuriyar da aka bari a fili wani kasonta iska ke tafiya da shi.

Wasu kan zuba baƙin mai a kududdufi wai don sauro. Yana kashe komai da ke ciki, har masu cin 'ya'yan sauron, ya ɓata ruwan da dabbobi ke sha. Ƙananan kwarmin da ke tsakar gida da lungu a cike su da ƙasa, gwangwani da taya a kife su. Ƙona daji da rani shi ma yana cinye waɗanda suka ɓoye a gindin ciyawa.

In fadamar da kuka saba jin kuka a cikinta kowace damina ta yi shiru alhali ruwa na nan, ku binciki abin da ke shiga ruwan kafin ku shayar da dabbobi.

Inda yake ɓarna

Mai kiwon tarwaɗa a ramin ƙasa yana da gaskiya in ya yi kuka da burduddugi. Babbansa yana haɗiye 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba, 'ya'yansa kuma suna cin waɗanda suka fi ƙanƙanta suna raba abinci da sauran. Maganin abin shinge ne, ba guba ba. Kafin a zuba kifi a zubar da ruwan ramin a bar shi ya bushe. A kewaye shi da raga mai ƙananan idanu, tsayin mita 1, a binne ƙasanta kamar santimita 15, domin inda aka fi samun matsala shi ne ƙasan ragar da aka bari a sake. A nome ciyawar gefe. Kowace safiya a duba bakin ruwa, in an ga ƙwai a kwashe da moɗa a kai wani kwarmin. In kifin ya girma lamarin ya juya, shi ne zai riƙa cin su.

Rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa tarko ce. Kwaɗo ya faɗa, ba ya iya fita, ya mutu ya ruɓe. A ɗaga bakin rijiya ya wuce gwiwa, a yi mata murfi mai rufuwa sosai. In an sami matacce a ciki a fitar da shi, a yashe rijiyar, a riƙa tafasa ruwan sha har ruwan ya koma daidai.

Masu kamawa

Akwai masu cin burduddugi, akwai masu kama shi don sayarwa. Ana fafe cikinsa a busar ko a banda shi, a kai kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya, kuma shi ne kwaɗon da aka fi cinikinsa a Afirka ta Yamma. Hukuncin cinsa a tambayi malamai. Abin da ya shafi wannan darasi shi ne kada a ƙarar da shi. Kama manyan mata a farkon damina, ciki cike da ƙwai, kamar yanka kaza ne tana kwanci. Kwashe duk wanda ya taru a ruwan ƙarshe da bazara shi ma haka ne, domin su ne irin baɗi. Zuba maganin ƙwari irin su gamalin a ruwa don kama kifi ko kwaɗo guba ce ga duk wanda ya ci. Mai ci ya dafa shi ya nuna sosai saboda tsutsar da kan zauna cikin namansa. Kwaɗon gida kuwa kada a ci shi sam, gubarsa tana cikin fata da ƙwai, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Aikin aji

Wannan aiki da damina ake yinsa. Malam ko malama su raba aji gida biyu ko uku, kowane rukuni da bokitinsa.

A sami bokiti ko baho mai cin lita 10 wanda ba a taɓa zuba maganin feshi ko man fetur a ciki ba, a ɗauraye shi da ruwa zalla, ban da sabulu. A zuba ruwan tafkin da za a ɗebo su har rabi. A ɗebo 'ya'yan kwaɗon gida, baƙaƙen nan, guda 10 kacal. In sun yi yawa ruwan zai ɓaci su mutu. A ɗebo su da ludayi mai dogon hannu daga gefe, kada a shiga ruwan da ƙafa, domin ruwa kwantacce mai dodon koɗi shi ke ba da tsargiya. In an sami na burduddugi a ware shi a robarsa shi kaɗai, in ba haka ba cikin 'yan kwanaki shi kaɗai za a tarar.

A ajiye bokitin a inuwa. Rana tsaka takan dafa ruwa kaɗan. A rufe bakinsa da yankin tsohon gidan sauro a ɗaure, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki, kada kuma kaji su kai baki. Abincinsu ganyen alayyafo da aka ɗan tafasa ba gishiri, yanki kamar faɗin farce biyu a rana. Abin da ba su cinye ba a cire washegari. Duk bayan kwana 3 a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan a mayar da sabo daga tafki ko ruwan sama. Ruwan famfo yakan zo da sinadarin tsabtace ruwa da ke kashe su, in shi kaɗai ake da shi a bar shi a buɗe ya kwana ya yini kafin a zuba.

Kowa ya ja layi uku a littafinsa: kwanan wata, abin da na gani, guda nawa suka rage. Ranar da aka ga ƙafafun baya a rubuta. Ranar da na gaba suka ɓullo a rubuta, kuma a ranar a rage ruwan ya koma zurfin yatsa biyu, a sa dutse wanda kansa ya fito waje. Nan ne aka fi yin kuskure: ɗan kwaɗon ya koma numfashi da huhu, in bai sami wurin hawa ba sai ya nutse ya mutu a ruwan da ya girma a ciki. Da wutsiya ta kusa ƙarewa zai buƙaci ƙananan ƙwari masu rai waɗanda ba za ku iya ba shi ba. A ɗauki bokitin da yamma bayan la'asar, a kai bakin tafkin da aka ɗebo su, a karkata shi cikin ciyawa mai laima a bar su su fita da kansu.